Mai bulala daban, mai sauraro daban: Tsarin kula da ɗalibai a makarantun Katolika na Zariya

Kafin ƙarfe bakwai na safe, titin Zariya zuwa Kano ya riga ya cika a daidai Dogarawa. Keke Napep da ƙananan motocin bas ne ke lodin yara sanye da kayan makaranta kala-kala, wasu za a nufi Sabon Gari da su, wasu Samaru. Akwai kuma waɗanda ba a ganinsu a titin, domin an kai su makarantar kwana tun farkon zango, sai ranar ziyara iyayensu za su sa su a ido.

In ka tambayi iyaye a wannan yanki dalilin da ya sa suke sha'awar makarantun cocin Katolika, amsar ba ta wuce biyu: karatu da tarbiyya. Har da iyaye Musulmi a cikin masu faɗin haka. Sai dai in ka bi diddigi, sau da yawa abin da ake nufi da tarbiyyar shi ne tsanani, wato tashin asuba, aski, hana waya, da bulala ga wanda ya kauce.

Cocin da kansa yana da wani abu da yake ɗauka ya fi wannan faɗi, wanda za a iya fassarawa da kiwo. Kalmar fasto ma asalinta daga Latin ne, ma'anarta makiyayi. A makaranta, kiwon nan na nufin a san wane yaro ne ya daina cin abinci, wane ne ke kuka da dare, wane ne manyan aji suka sa wa ido. Tambayar ita ce, idan yaro ɗan shekara 12 ya shiga damuwa, wa zai faɗa wa?

Tsohuwar alaƙa da Zariya

Makarantun mishan ba baƙi ba ne a ƙasar Zazzau. Ƙaramar makarantar horar da limaman coci ta St. Joseph da ke Zariya, wadda sakandare ce ta maza, ita ce ta yaye Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan da dama a tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya. Kwalejin St. John ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, ita kuma St. Paul ta 'yan Angilika a Wusasa ta zama Kufena.

An kafa Dayosis na Katolika na Zariya a watan Disamban 2000, bayan an cire shi daga Kaduna, kuma babban cocinsa na Christ the King yana Sabon Gari. Bishop George Dodo ne ya fara jagorantarsa har rasuwarsa a 2022, sannan Bishop Habila Daboh ya gaje shi a 2023.

Dokar da ta raba kunne da sanda

Akwai wata ƙa'ida a kundin dokokin cocin Katolika na 1983 da ba kowa ya san da ita ba, ko a cikin mabiya ɗarikar. Sashe na 985 ya hana shugaban makarantar horar da limamai, ko na wata makarantar, sauraron iƙirarin zunubin ɗaliban da ke zaune gida ɗaya da shi, sai fa in ɗalibin ne ya nema da kansa. Sashe na 240 kuma ya ce idan za a kori ɗalibi daga makarantar horar da limamai, ba a neman ra'ayin Fadan da ke yi masa jagoranci na ruhi.

Hikimar a bayyane take. Yaro ba zai buɗe cikinsa ga wanda ke da ikon korarsa ba. Wanda ya fara shan ƙwaya saboda abokai, ko yarinyar da wani babba ke matsa wa, ba za su tunkari malamin ladabtarwa ba, ko da kuwa mutumin kirki ne. Don haka aka ware mutum guda wanda aikinsa sauraro ne, ba shi da bulala, ba shi da hannu a jarrabawa.

A ganina wannan ne abu mafi daraja a tsarin, ya fi dogayen katanga da tsabtar fili. Kuma a nan ne makarantu da yawa, na coci da na gwamnati da na Islamiyya, ke faɗuwa. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi maganar samar da malaman ba da shawara a makarantu. Amma abin da aka saba gani shi ne a liƙa wa malamin da ke da aji shida wannan aiki, ko ma a ba mataimakin firinsifal, wanda shi ne ke riƙe da sanda. Ofishin yana nan da allo a ƙofa, yara kuwa ba sa shiga.

Tun a ƙarni na 19 wani limamin Katolika a birnin Turin na Italiya, Don Bosco, wanda ya rasu a 1888, ya gina tarbiyyar yara a kan abu uku: hankali, addini da tausayi. Ya fi son malami ya zauna cikin yara a filin wasa ya hana laifin aukuwa, maimakon ya jira a aikata ya yi hukunci. Duk makarantar da ke ɗauke da sunan Katolika amma bulala ce harshenta na farko, to ta bar koyarwar gidansu.

Tsoron da katanga ba ta tarewa

Yaran da ke sakandare a yau sun taso ne cikin labarin satar ɗalibai. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a nan Zariya, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da ɗalibai da malamai. Ranar 5 ga Yulin shekarar aka kwashe ɗalibai 121 daga sakandaren Bethel Baptist a Ƙaramar Hukumar Chikun. A watan Maris na 2024 aka yi na Kuriga. A watan Nuwamban 2025 kuma aka afka wa makarantar Katolika ta St. Mary da ke Papiri a Jihar Neja, aka tafi da yara sama da 200.

Bayan kowane hari, maganar da ake yi ita ce ta masu gadi, waya mai ƙaya da fitilu. Ana buƙatarsu. Amma yaron da ke kwance a ɗakin kwana yana jin ƙarar babur a waje, zuciyarsa na bugawa, mai gadi ba zai yi masa magani ba. Irin wannan tsoro yakan fito ta wata siga: fitsarin kwance ga wanda ya daɗe da dainawa, ciwon kai ba zazzaɓi, faɗuwa a jarrabawa, ko yawan faɗa. Malamin da bai samu horo ba zai kira shi taurin kai, ya ƙara masa da duka.

Bishop na Zariya na yanzu ya san wannan fiye da kowa. Shi ne shugaban babbar makarantar horar da limamai ta Good Shepherd da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja lokacin da aka sace ɗalibanta huɗu a watan Janairun 2020. Uku sun dawo, an kashe Michael Nnadi mai shekara 18. Wanda ya ci gaba da riƙe makaranta bayan irin wannan, ya ga yadda tsoro ke zama a jikin ɗalibai bayan 'yan jarida sun watse. Iyaye na da hujjar sa ran makarantun da ke ƙarƙashinsa za su ɗauki lafiyar ƙwaƙwalwa da muhimmanci.

Inda tsarin ke da giɓi

Sirri makami ne mai kaifi biyu. Cocin Katolika a duniya ya sha suka mai zafi kan yadda aka ɓoye cin zarafin yara da wasu limamai suka yi a ƙasashe irin su Amurka da Ireland. Shi ya sa a 2019 Fafaroma Francis ya wajabta wa kowane dayosis ya samar da hanyar kai ƙara da jama'a za su iya kaiwa gare ta cikin sauƙi. Jihar Kaduna ma tana da dokar kare yara tun 2018. Mai sauraro a cikin makaranta bai wadatar ba idan shi ne abin ƙorafin, ko abokinsa. Dole yaro da iyayensa su san wata ƙofa a wajen makarantar.

Alƙaluma na nuna girman shirun. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da tallafin UNICEF a 2014 ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda ke samun taimako ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Sai kuma ɗalibin da ba ɗan Katolika ba. Musulmi ko ɗan ECWA ba zai je iƙirarin zunubi ba, kuma zai iya jin nauyin zuwa wurin Fada ko Sista. Makarantar da ta karɓi kuɗin iyayensa ta ɗauki amanarsa, saboda haka tana buƙatar ƙwararren mai ba da shawara wanda ba limami ba, mace ga 'yan mata. A Zariya dai ba a rasa irinsu ba, tunda Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru na yaye su duk shekara. Idan abin ya wuce shawara, akwai sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Shika, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna.

Iyaye ma da nasu laifin. Ranar ziyara a kan zo da kula cike da shinkafa da kaza, a tambayi maki, a yi hoto, a tafi. Uban da ya ce wa malami "na ba ka nama, ƙashin kawai nake so" ya rufe wa ɗansa ƙofa biyu a lokaci guda, ta gida da ta makaranta.

Kafin a biya kuɗin zango mai zuwa, uba ko uwa na iya tambayar firinsifal sunan mai sauraron yara, ko yana da aji da yake koyarwa, ko yana cikin kwamitin ladabtarwa, da kuma babban da ke kwana kusa da ɗakin 'yan aji ɗaya. Bayan haka sai a ja yaron gefe, nesa da malamai da manyan aji, a yi masa tambayar da aka yi wa firinsifal, a ji ko sunan da zai ambata ya zo ɗaya.