Ciwon Makyarkyata da Maganin Feshi

A shekarar 1982, a ƙasar Amurka, aka kai wa likita William Langston wasu matasa da jikinsu ya sandare bayan sun yi wa kansu allurar gurɓatacciyar ƙwaya. Likitan ya gano cewa gubar ta lalata sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi, tamkar ciwon Parkinson da ke sa tsofaffi makyarkyata.

Gubar ta yi kama da parakwat, maganin kashe ciyawa. Sai masu bincike suka maida hankali ga gonaki. A 2012, Faransa ta sa ciwon cikin cututtukan da aikin feshi ke jawo wa manoma.

Manomi, in za ka yi feshi, rufe hanci da hannuwa, ba iska baya, sannan ka yi wanka da sabulu.