Ƙaramar Hukuma Ɗaya, Waya Biyu

Baƙo zai ɗauka Fagge da Sabon Gari garuruwa ne masu nisa da juna. Alhali kuwa ƙaramar hukuma ɗaya ce, kuma ɗan Adaidaita Sahu kan ɗauko fasinja a Kantin Kwari ya sauke shi a France Road cikin 'yan mintuna. Nisan da ke tsakaninsu a cikin wayoyin matasansu yake.

Na fahimci haka a Oktoban 2020. Bidiyon da ya fito daga Ughelli ta Jihar Delta, wanda aka ce ya nuna jami'an SARS sun harbi wani saurayi, shi ya cika wayoyin samarin Sabon Gari. A Fagge kuwa, abin da ke yawo a WhatsApp hotunan ƙauyukan Zamfara da Katsina ne da 'yan bindiga suka ƙone. Da aka rusa SARS ranar 11 ga wata, na Sabon Gari suka ce da sauran aiki; na Fagge suka ce, mu da ake kashewa a daji wa ya fito dominmu? Kowa da gaskiyarsa, sai dai babu wanda ya ga abin da maƙwabcinsa ya gani. Ranar 20 ga wata zanga-zangar Sabon Gari ta rikiɗe zuwa tarzoma.

Ni dai saƙon murya ya fi ba ni tsoro. Hoto ana iya bin diddiginsa. Murya kuwa ba ta da fuska, ba ta neman a iya karatu, kuma daga hannun yaya ko gwaggo take isowa, mutanen da ba ka ƙaryata su. A daren nan wani ɗalibina mazaunin Fagge ya turo mini wata murya mai lissafa gawarwaki da rantsuwa. Na tambaye shi wa ke magana. Ya ce, "Wallahi Malam, wani ne." A kan "wani" ya kusa fita da gora.

Ba zan zalunci wayar ba. Ita ta fito da dubban matasa ranar 1 ga Agustan 2024 kan tsadar rayuwa, ko da yake ta fito da su ba jagora, har aka wawashe cibiyar fasaha ta hukumar NCC, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24. Ita ce kuma ta nuna wa duniya yaran da aka kama a lokacin, da yawansu 'yan Kano, suna faɗuwa saboda galabaita a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba. Cikin kwana uku Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

Wannan bidiyon na kotu, ɗalibin nan nawa ya turo mini shi da safe. Da yamma na kai mota gyara Sabon Gari, na tarar bakanikena, Inyamuri, yana kallonsa yana girgiza kai.