Wurin da Mace Za Ta Koma Motsa Jiki Bayan Dogon Hutu

Macen da ta yi shekara biyar ko goma ba ta motsa jiki, ko saboda haihuwa da raino, ko zaman ofis, ko jinya, ba ta shiga wurin atisaye da irin jikin da ta bari. Tsoka ta ragu, numfashi ya gajarta, gwiwa ta fara ƙara idan an hau bene. Ga kuma kunya, wadda sau da yawa ta fi duk waɗannan nauyi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna kashi 34 cikin ɗari na matan duniya ba sa samun motsin da jiki ke buƙata, a maza kuwa kashi 29 ne. Domin irin waɗannan mata aka buɗe wuraren atisayen zagaye na mata zalla.

Tsarin ya girmi yawancin masu yin sa. Malamai biyu na Jami'ar Leeds a Ingila, Morgan da Adamson, suka fito da shi a 1953: a jera tashoshi, kowace da nata motsi, mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da dogon hutu ba. Ta haka tsoka ke aiki, zuciya ma tana aiki, a lokaci guda. Wanda ya mayar da shi kasuwar mata shi ne kamfanin Curves, wanda Gary Heavin da matarsa Diane suka kafa a garin Harlingen na jihar Texas ta Amurka a 1992. Injuna a jere sun yi da'ira, mace ta yi sakan 30 a kan kowane, murya ta ce a sauya, cikin minti 30 an gama. Daga baya tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ya kuma samu karɓuwa sosai a Japan wajen mata masu manyan shekaru.

Injunan da irin waɗannan wurare suka fi amfani da su na matsin mai ne, babu farantan ƙarfe da ake ɗorawa. Gwargwadon saurin turawarki, gwargwadon nauyin da za ki ji. Kika tsaya, injin ya tsaya. Babu abin da zai faɗo miki a ƙafa, kuma jiki bai cika yin tsami ba, domin tsamin ya fi zuwa ne daga sauke nauyi a hankali, abin da wannan inji ba ya sa ki yi. A Kano ko Zariya ko Maraɗi akwai wata fa'idar: ba ya cin wuta. Amma ya kamata a faɗa wa mace gaskiya tun ranar farko. Bayan wasu watanni jiki zai saba, kuma idan ana son ƙashi ya ƙara ƙwari, musamman bayan ɗaukewar al'ada, sai an haɗa da ɗaga nauyi na gaske wanda ake ƙarawa sannu a hankali. Saboda haka ki duba ko wurin yana da ƙananan ƙarafan hannu da robar ja, da wanda zai koya miki su.

A ganina mai horarwa ita ce wurin, injuna biye suke. Ki lura da abin da aka fara tambayarki. Idan kafin a yi zancen kuɗi an tambaye ki hawan jini, ciwon suga, ciwon baya, yaushe kika haihu kuma ko tiyata aka yi, to kin zo inda aka san aiki. Wannan tambaya ta haihuwa ba ƙaramar magana ba ce. Gama arba'in ba shi ke nuna naman ciki ya haɗe ba. Akwai matan da tsokar tsakiyar cikinsu ke rabuwa lokacin goyon ciki ta daɗe ba ta koma ba, akwai waɗanda fitsari ke kuɓuce musu in sun yi tsalle ko tari. Irin wannan mace ba a fara ta da tsalle da naɗe ciki. Wadda aka yi wa tiyata kuwa, likita ne zai ba ta izini, ba mai wurin ba. Kocin da ta ga kina haki har ba ki iya haɗa jimla ɗaya, ta ce ki ƙara, ba ta dace da mai dawowa ba. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku abu ne da aka saba. Ciwon ƙirji, jiri, ko fitsari ya yi baƙi kamar shayi bayan atisaye mai tsanani, wannan asibiti ake zuwa.

Sai nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Zagaye uku na minti 30 minti 90 ne kawai, sauran sai a cika da tafiyar ƙafa. Wurin da sai kin hau keke napep biyu kafin ki isa, cikin wata guda za ki daina zuwa, komai kyansa. Ki je ki gani a daidai sa'ar da za ki riƙa zuwa: ko ana layin inji, ko iska na shiga, ko da gaske namiji ba ya leƙowa, ko ana barin waya ta ɗauki mutane hoto ba da izininsu ba. Ki kuma tambaya ko za a dakatar da kuɗinki in kin yi tafiya, ko rashin lafiya, ko azumi ya sauya miki lokaci.

Wurin da ya tare ki da shayin rage tumbi, da bel ɗin ɗaure ciki, da alƙawarin zubar da kilo goma a wata, ki bar musu kayansu. Gumi ruwa ne, ba kitse ba, kuma babu motsin da ke zaɓar kitsen ciki kaɗai ya narkar. 'Yar'uwa, ki nemi gwajin kwana ɗaya, ki biya kuɗin wata guda kawai, kada ki sa hannu a na shekara sai kin ga ƙafarki ta saba da hanyar.