Yadda tseren motoci na Dakar ke shafar muhallin hamada

Tun daga zagayen farko da aka kammala a 1979, tseren Paris-Dakar ya sha ratsa Jamhuriyar Nijar, inda motoci da babura ke yada zango a Agadez.

Mai hange daga nesa kan ɗauka babu abin lalatawa a hamada. Ba haka ba ne. A kan tudun yashi, iska kan shafe sawun taya cikin kwanaki. Amma a fako mai tsakuwa, taya na fasa ɓawon da ke riƙe ƙasa, ta murƙushe irin ciyawa da ke jiran damina, sannan iska ta kwashe ƙasar. Da yake ruwan sama ƙalilan ne, tabon kan daɗe shekaru. Makiyayan raƙuma ke asarar kiwo, rugugin injuna kuma na korar barewa.

Mota guda ma ta isa yin ɓarna: a 1973, tun kafin tseren, wata babbar mota ta kayar da shahararriyar bishiyar hamadar Tenere, wadda ragowarta ke gidan tarihi na Yamai.

Barazanar tsaro a Muritaniya ce ta sa aka soke tseren a 2008. Ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan hamadar Saudiyya tun 2020.