Alifiyus Ya Rufe Ido, Ya Manta da Kunne

A ƙarshen ƙarni na huɗu, wani saurayi mai suna Alifiyus, ɗan garin Tagaste da ke ƙasar Aljeriya ta yau, ya tafi Roma karatun shari'a. Ya tsani wasan da ake haɗa mutane faɗa da takobi a dandali har sai jini ya zuba. Wata rana abokansa suka tare shi a hanya, suka ja shi can da ƙarfin tsiya. Ya bi su yana cika baki cewa gangar jikinsa kaɗai za su iya kaiwa. Ya zauna, ya runtse ido. Can sai wani ɗan wasa ya faɗi, dandali ya kaure da ihu, shi kuma ya buɗe ido don ya ga me ya faru, da tunanin abin ba zai taɓa shi ba. Da ya ga jini sai ya kasa kau da kai, ya shiga ihun shi ma. Daga baya shi ne ke jan wasu zuwa wurin.

Amininsa Agustin ne ya ba da labarin, a littafin da ya rubuta wajen shekara ta 397 zuwa 400 yana furta zunubansa a gaban Allah. Hukuncinsa a kai gajere ne: Alifiyus ya dogara da kansa a inda ya kamata ya dogara ga Allah.

A wa'azinmu mun fi yabon mai tsayawa daram, alhali Littafi Mai Tsarki sau da yawa gudu yake koyarwa. Yusufu bai tsaya gardama da matar Fotifar ba a ranar da ta kama shi. Barin rigarsa ya yi a hannunta ya fice. Manzo Bulus ma gudu ya umarci Timoti ya yi daga sha'awace-sha'awacen ƙuruciya. Bitrus kuwa, wanda ya fi kowa alkawarin tsayawa, shi ne ya yi musun Ubangijinsa sau uku kafin zakara ya yi cara. Saurayin da ya ce ya daina caca amma manhajar tana nan a wayarsa, zaune yake a dandalin Alifiyus da ido a rufe.

Sai dai gudu kaɗai ba ya girmar da mutum cikin adalci. Agustin ya lura cewa sha'awar da aka biye wa tana zama sabo, sabon da aka ƙyale kuma ya zama dole. Ya tuba a Milan a 386 bayan ya karanta ƙarshen sura ta 13 ta Romawa, Bishop Ambros ya yi masa baftisma a 387 tare da Alifiyus. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne kashi na goma na littafin nasa. Shekara goma bayan baftisma, yana bishop na Hippo, bai ɓoye ba cewa har yanzu yana fama da kwaɗayin abinci, da son yabo, da mafarkan tsohuwar rayuwa. Shi ya sa da wani malami mai suna Felajiyus ya koyar cewa mutum na iya barin zunubi da ikon da Allah ya halitta a cikinsa, Agustin ya ƙi, ya ce ba a yin ko taku ɗaya sai da alheri.

Shaidun da muke ji a majami'u yawanci a ranar tuba suke ƙarewa, kamar daga nan an gama yaƙi. Sabon tuba da ya sake faɗuwa sai ya ɗauka shi kaɗai ne, kunya ta kama shi, ya daina zuwa sujada. Fastoci da dattawan ikkilisiya, ku riƙa faɗa wa matasanmu gaskiyar da bishop ɗin Hippo bai ji kunyar faɗa ba, kuma wanda ya yi mako biyu ba a gan shi ba, a bi shi har gida.