Shin Wuƙar Likita Ce ke Yaɗa Sankarar Mama?

"Daji ba ya son ƙarfe." Wannan magana ta daɗe a gidajenmu, yanzu kuma ta samu sabon gida a saƙonnin murya na WhatsApp. Masu yaɗa ta ba sa rasa hujja: ga wance, an cire mata mama a asibiti, ba a yi wata shida ba ciwon ya ɓulla a ƙashin bayanta, ta rasu. Sai a ce wuƙa ce ta fusata shi. Da wannan lissafin ake hana mace zuwa a ɗebi ɗan nama da allura a auna, a mayar da ita wajen mai shafe-shafe da hayaƙi har ƙullutun ya fashe. Maganar tana ci mini rai, domin abin da masana suka gano game da tafiyar wannan ciwo a jiki ya rushe ta tun daga tushe.

Ƙullutun da yatsa ke fara ji, mai faɗin santimita ɗaya, ya riga ya tara ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyi, kuma yawanci ya yi shekaru yana girma a ɓoye. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a hanyoyin ruwan nono suna riƙe da juna ne da wani furotin mai suna E-cadherin. Shi ke taimaka wa kowace ta zauna inda aka ajiye ta. Wasu ƙwayoyin sankara sukan rage yin sa ko su daina, su sake siffa, su sami ikon rarrafe. Daga nan sai su yi amfani da sinadaran da ake kira MMP su narkar da tantanin da ya kange su daga sauran nama.

Ƙari ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu in bai samu jini ba. Likitan Amurka Judah Folkman ya jawo hankalin duniya ga wannan a 1971. Ƙwayoyin da iska ta yi wa ƙaranci a tsakiyar ƙarin suna sakin sinadarin VEGF, wanda ke sa sababbin hanyoyin jini su tsiro zuwa gare su. Hanyoyin nan ba su da ƙwari, bangonsu na yoyo, ta nan ƙwayar da ta ɓalle ke kutsawa. Wasu kuma su bi magudanar ruwan jiki su sauka a kaluluwar hammata, shi ya sa likita ke lalube wurin.

Cikin jini ba wurin zama ba ne. Ƙarfin gudunsa da sojojin garkuwar jiki suna hallaka kusan dukkan ƙwayoyin da suka kutsa. Gwajin da Isaiah Fidler ya yi a kan ɓeraye a 1970 ya nuna cikin dubu da ƙyar ɗaya ke tsira. Masu tsirar sukan lulluɓe kansu da ƙwayoyin da ke daskarar da jini, garkuwar jiki ta kasa gane su.

Ina suke sauka? A 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya bi bayanan gawarwakin mata 735 da wannan ciwo ya kashe, ya ga ba ko'ina yake yaɗuwa ba, yana da wuraren da ya fi so. Ya ce al'amarin na iri ne da ƙasa. A 2001 aka gano ɗaya daga cikin dalilan: ƙwayoyin sankarar mama na ɗauke da furotin CXCR4 mai jin kiran sinadarin CXCL12, wanda ya yawaita a ɓargo da huhu da hanta da kaluluwa.

Manomin dawa ya san ƙuduji. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma, ba ya tsirowa sai saiwar dawa ko gero ta fitar da sinadarin da ke tashe shi. Wanda ya ga ƙuduji ya rufe gona bayan noman bana ba zai zargi fartanya ba, ya san irin na nan tun daminar da ta wuce, ko wadda ta gabace ta. Haka ƙwayar sankara ke samun lungu a ɓargo ta daina rabuwa, hoto ba ya nuna ta, mai ita ba ta jin komai. A nau'in da ke rayuwa da sinadarin mata na estrogen, tana iya farkawa bayan shekara 15 ko 20. In ta farka a ƙashi sai ta saki PTHrP, wanda ke zuga ƙwayoyin jiki masu rushe tsohon ƙashi. Rushewar na sako sinadarin TGF-beta da ke ajiye a ƙashin, shi kuma ya ƙara wa sankarar ƙarfi. Daga nan ciwon baya da karaya ba tare da faɗuwa ba ke samo asali.

To, baiwar Allahn nan da ciwo ya ɓulla mata a baya bayan tiyata, irin ya riga wuƙa isa can. Ciwon ya bi sawun allurar gwaji kuwa abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma wurin yakan shiga cikin abin da ake yankewa ko gasawa. Likitoci ma sun daɗe kafin su gane cewa irin kan riga wuƙa fita. Tun zamanin William Halsted, a ƙarshen ƙarni na 19, aka riƙa cire mama haɗe da tsokar ƙirji. Binciken Bernard Fisher da aka buga a 1985 ya nuna cire ƙullutun kaɗai tare da gashi na na'ura yana ba da tsawon rai daidai da cire maman duka, in an zo da wuri. Abin da ke kisa shi ne wanda ya riga ya fita, kuma dominsa ake ba da kemo, da tamoxifen na shekara biyar zuwa goma, da trastuzumab ga masu nau'in HER2. Ba a sanin wanda ya dace da mace sai an auna naman da ake hana ta bayarwa.

Jinkiri ya fi cutar da mu fiye da wasu. Aikin Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta ya nuna nau'in da ba ya jin tamoxifen ko trastuzumab, mai saurin yaɗuwa, ya yawaita a matan Afirka ta Yamma. Ƙiyasin 2022 ya nuna mata fiye da 32,000 sun kamu a Najeriya, kusan rabin wannan adadi kuma sun mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya na so a kammala gano ciwon cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti. Hukumomin da ke tara jama'a tattaki kowane Oktoba su fara tambayar kansu a garuruwa nawa ake iya wannan awon nama, kuma nawa talaka ke biya. Maigida kuwa, in matarka ta ce ta ji ƙullutu, ka kai ta asibiti a makon nan, in likita ya nemi ɗibar nama ka amince.