Daga Sabon Gari Zuwa Bakin Gulbi

Da la'asar sakaliya, idan rana ta fara sassautawa, unguwar Sabon Gari ta Maraɗi sai ta sake kama. Mai tsire ya kewaye wuta da tsinke, mai awara ta ɗora kasko, yara sun yayyafa ruwa a ƙofar gida don ƙura ta kwanta, an fito da benci da tabarmi. Ƴan kabu-kabu sai kai da kawowa suke yi. Wannan ya ɗauko Hajiya da ƙullin cefane, wancan ya goya samari biyu ya yi gangare da su. Gangaren nan hanyar gulbi ce, kuma duk wanda ke son sanin yadda mutanen garin nan ke hutawa, da abin da suke ci don marmari, da abin da suke kallo ransu ya yi fari, to sai ya bi ta.

A da, garin kansa a can ƙasa yake. Lokacin da jihadi ya raba sarakunan Haɓe da birnin Katsina, Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maraɗi wajen 1819, cikin kwarin gulbi, inda itatuwa da ruwa suka zama garkuwa. Nan aka zauna fiye da shekara ɗari, har 1945, shekarar da ambaliya ta cinye gidajen tsohon gari. Aka kwashe jama'a aka hau tudu, Turawan Faransa suka ja tituna miƙaƙƙu, tsoffin unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Limanci da Mokoyo suka hau da sunayensu. Da kuɗin gyaɗa suka shigo, baƙi suka yi ta kwararowa, sai gari ya ƙara faɗi, aka sami Sabon Gari da unguwannin da suka biyo bayanta. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 267 a birnin. Gidaje dai sun guje wa ruwa, amma ciki da ƙafa ba su daina komawa gare shi ba.

Gulbin Maraɗi ba kogin da ke gudu shekara zagaye ba ne. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Da damina yake kawo ruwa, ja wur, ɗauke da itace da kumfa. Ranar da ya cika, labari kan riga shi isowa gari, mutane su yi ta gangarawa kallo kamar an yi baƙon sarki, iyaye mata kuma su yi ta jan kunnen yara kada kowa ya shiga. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a farkon shekarun 1990, dattawa ke cewa gulbin bai ƙara yin cikar da suka sani ba. Da rani kuwa sai ya koma farin rairayi, filin ƙwallo ga yara, wurin ɗibar yashi ga masu amalanke. Amma ruwan bai yi nisa ba, yana nan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa fadamar ke kore shar lokacin da tudu ya bushe ƙurmus.

Wannan fadama ita ce wurin shan iskar talaka da mai kuɗi. Ba ta da ƙofa, ba ta da tikiti. Ranar Lahadi ko bayan an sauko daga Juma'a, samari kan haɗa kuɗi su sayi nama, su ɗauki buta da gawayi, su nemi wani garka na ɗan'uwa ko na aboki su yada zango ƙarƙashin mangwaro. Mai garka ba ya ƙin baƙo, sharaɗinsa ɗaya ne, kada a taka masa fangali. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a cikin gari, inuwar nan ta fi kowace fanka, ga mangwaro na faɗowa da kansa.

Daga nan ne kuma abinci ke hawowa. Ƴan kilomita kaɗan kudu da birni akwai Jiratawa, inda aka shimfiɗa filin noman rani na kusan hekta 500 tun farkon shekarun 1980, ana jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse da injin. Tumatir, albasa, barkono, kabeji, masara, duk suna fitowa, amma sarauniyar wurin zogala ce. Ana yankan ganyenta a kai a kai, a cusa a buhu tun asuba, kafin hantsi ta isa kasuwannin Maraɗi, wata ma a busar a kai ta nesa.

A Sabon Gari, zogalar nan takan ƙare ne a cikin ƙatuwar roba gaban wata dattijuwa. Ta riga ta dafa ganyen ta matse shi tsaf. Yaro ya zo ya durƙusa.

"Inna, a ba ni na dala ashirin."

"Da yaji ko babu, ɗan nan?"

"A sa da yawa, na Yaya ne."

Dala ashirin sefa ɗari ke nan, don a nan da dala ake ƙirga kuɗi, dubu ɗaya kuma jika ce. Sai ta ɗebo zogala da hannu, ta barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli, ta yanka albasa da tumatir a tafin hannu ba tare da ta duba wuƙar ba, gishiri kaɗan, yaji, ɗan man gyaɗa, ta cuɗa har ganyen ya yi sheƙi. Kwaɗo ya haɗu. Wanda ke son ya ƙoshi sai a haɗa masa da garin rogo ko dambu. Ƙuli-ƙulin da man kuwa gadon zamanin gyaɗa ne, amfanin gonar da ya yi wa Alhazan Maraɗi arzikin farko kafin farin shekarun 1970 ya karya nomanta, su koma fataucin kaya tsakaninsu da Kano da Katsina.

Kowane lokaci na yini da abincinsa. Da safe ƙosai da kunu, ko waina, ko dogon burodi irin na Faransa da mai shayi zai tsaga ya shafa wa bota. Da rana fura, wadda bakin Maraɗi ke kira hura, a dama ta da nonon da Fulani suka kawo. Da yamma awara, wadda ta shigo daga baya amma ta zama ƴar gida. Jihar Maraɗi ce kan gaba wajen noman aya a Nijar, saboda haka kunun aya mai sanyi ba ya yankewa. Da dare kuma sai mahauta, tsire da balangu da kilishi, a naɗe a takarda da yaji a gefe. Akwai gidajen abinci da otal-otal masu kujeru da takardar jerin abinci, ma'aikata da baƙi na zuwa, sai dai in aka tambayi ɗan unguwa inda nama ya fi daɗi, sunan wani mahauci zai faɗa da kwanar da yake zama.

Bayan isha'i sai fada ta ɗauka. Fada a nan ba gidan sarki ake nufi ba, majalisar samari ce ta bakin titi, wadda ta yaɗu a biranen Nijar tun shekarun 1990, lokacin da aikin gwamnati ya yi wuya, gidajen rediyo masu zaman kansu kuma suka buɗe suna karanta gaisuwar kowace ƙungiya da sunanta. Kowace fada da sunan da ta raɗa wa kanta, wani lokaci a rubuce a jikin bango, da shugabanta, da asusun da ake tarawa don bikin aure ko suna ko jinya. Kayan aikinta ba su da yawa: ɗan murhun waya, ƙaramar buta, kofunan gilashi biyu ko uku. Mai dafa shayi, wanda galibi shi ne ƙarami a cikinsu, zai ɗaga buta sama ya tsiyayo, ya mayar, ya sake tsiyayowa, har kumfa ta hau rabin kofi. Na farko ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi da na'ana'a. Kofi ɗaya ke zagayawa, a fara da babba. Gaggawa ba ta da wuri, don shayi ukun nan kan ci awa biyu, a cikinsu an buga karta ko lido, an yi gardamar ƙwallon Turai, an tattauna farashin naira da sefa. Dattawa kuma suna gefe da tasu majalisar, sun haƙa ramukan dara a ƙasa, ba ka jin komai sai tsaki da dariya.

Idan aka kawar da amfanin gona, sanyi ya shigo, kalangu da ganga suka fara tashi, to lokacin kokowa ya yi. Ita ce wasan da ya fi kowane tara jama'a a Nijar. Gasar ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, an fara ta a Tawa a 1975, kuma ɗan Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin, Yakuba Kantu. Filin kokowar birnin sunansa yake ɗauke da shi. Gasar na zagaya jihohi takwas, kowace ta kawo ƴan kokowa goma, amma mai son kallo ba sai ya jira ta zo ba, don tun daga ƙauye da unguwa ake fara tankaɗe. Kallon ma ba a kan kayarwa kaɗai yake ba. Ɗan kokowa zai shigo da layu a damtse da ƙugu, ya tsaya gaban makaɗa ya yi kirari, ya durƙusa ya shafi ƙasa. Ƴan cali-cali na kwaikwayon manya suna ba mutane dariya. Karawar kanta wani lokaci ba ta kai minti ɗaya ba, amma za a kwana bakwai ana maimaita ta a fada.

Mai son ganin sarauta kuma yana da biyu a kusa. A cikin gari akwai fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, da manyan ƴan majalisarsa na gado, Ƙaura da Durɓi da Galadima da Ƴandaka. Kilomita goma sha wani abu arewa maso yamma ga Tsibiri, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Tibiri. Gobirawa suka kafa ta ƙarƙashin Sarki Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama. A 2010 gwamnati ta ɗaga sarautun biyu zuwa darajar sultan. Ranar Salla, dawaki sanye da kayan ado, dogarai da jajayen riguna, kakaki da algaita da tambura, duk a fili suke, kowa ya zo ya kalla. Ranar Laraba kuwa kasuwar Tsibiri ke ci, mutanen Maraɗi su tafi sayen dabba ko hatsi, wasu kuma yawon buɗe ido kawai ya kai su, su dawo da rake a ɗaure bayan babur. A Tsibiri ne ake da Inna, a Maraɗi kuma Iya, matan gidan sarauta da al'ada ta ɗora wa shugabancin ƴan bori. Garaya da goge da ƙwarya na wannan fanni sun ja baya ƙwarai tun da wa'azi ya yi ƙarfi a garin, yanzu an fi jin su a bayan katanga.

Sauran fasahar ba a rataye take a bango ba, a hannu take da ƙafa da ka. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna har Turai saboda laushin fatarta, har aka kafa mata cibiyar kiwo a birnin a 1963. Majema su jeme fatar da bagaruwa, dukawa su rina ta ja da kore da ɗorawa, su yanka, su ɗinka takalma da alabe da jakunkuna da kayan doki. Baduku na aiki ana hira da shi, mai saye na zaune yana kallon yadda basilla ke shiga tana fita. Jiratawa ta shahara da ginin tukwane, tuluna da randunan da ke sanyaya ruwa a zaurukan Sabon Gari ko da an ɗauke wuta. Babbar kasuwa, wadda ta fi cika Litinin da Juma'a, ita ce ɗakin nunin duk wannan, har da masu ɗinkin hula da masu zanen ƙwarya. Mata kuma nasu zanen a fata yake, daren lalle kafin biki, ƴanmata zagaye da mai ƙunshi har tsakar dare.

Abubuwa sun sauya, ba shakka. Zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya na kowace unguwa ne ke shirya wasan kwaikwayo da raye-raye ana gasa. Wannan ya wuce. Manyan gidajen silima sun mutu, gidajen kallon ƙwallo suka gaje su, finafinan Kano kuma suka koma cikin waya. Gidan matasa da al'adu na birnin yana nan yana karɓar wasanni da mawaƙa, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo sun ƙara wa garin sabon jini, bikin Maraɗi Kwalliya na 18 ga Disamban 2015 kuma ya bar tituna da fitilun da suka tsawaita hirar dare.

Tafiya mafi nisa da iyali kan yi don shaƙatawa ita ce ta tafkin Madarunfa, kimanin kilomita 25 kudu, inda ake ziyarar kaburburan waliyyai 99 da aka ce suna kewaye da ruwan, a ga tsuntsaye, a sayi kifi daga hannun masunta. Ana fita da hantsi, a tsaya Jiratawa a sayi tulu, kafin magariba an dawo Sabon Gari. Uwargida ta miƙa wa maƙwabciya kifi biyu ta kan katanga, maigida ya ajiye babur ya ɗauki buta ya nufi masallaci, a bakin titi kuma ƙaramin fada ya riga ya fara hura gawayi.